Ɗana, Kafin Ka Miƙe Sandar Eriya, Duba Inda Za Ta Faɗi

 Na ji ka shiga sahun masu rediyon sha'awa, mutanen nan da ba su tsaya ga sauraro ba, sai su kunna na'urarsu su yi magana da takwarorinsu na wata ƙasa a gajeren zango, ba layin waya, ba intanet. Abin ya yi mini daɗi. Mu da muka tashi muna murɗa akwatin rediyo muna laluben mita 49 da mita 25 don jin labarin duniya, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu a ce yaro ya zauna a ɗakinsa a Zariya ko Maraɗi, ya yi kira da lambarsa mai farawa da 5N ko 5U, wani ya amsa masa daga Barazil. To amma an ce mini yanzu hankalinka ya koma kan dogon ƙarfe, kana so ka haɗa sandar eriya da hannunka ka tsayar a gida. A nan nake da magana, kuma ina so ka ba ni aron kunnenka har in kai aya.

Na'urar da ke kan teburinka, in ta ƙone, aljihunka kaɗai ta taɓa. Sanda ba haka take ba. Ranar da ka tsayar da ita, ka rataya ƙarfe ne a bisa kan mahaifiyarka da ƙannenka, da maƙwabcin da ke barci a tsakar gidansa lokacin zafi, da almajirin da ke wucewa ta lungu. Babu wanda ka nemi izininsa a cikinsu, amma duk sun shiga cikin lamarin. Saboda haka amana ce ka ɗauka. Wanda ya san amana ya ɗauka kuwa, kafin ya yi tunanin yadda sandarsa za ta tashi, sai ya fara tunanin inda za ta kwanta in ta faɗi.

Fara da tsawo, domin a nan zuciya take fara yaudarar matashi. Eriya mai tsaye da aka fi yi ita ce mai tsawon rubu'in zango, lissafinta kuma ba wuya: ka raba 71.5 da lambar tashar da kake so a ma'aunin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawonta a mita. Zangon mita 20, wajen megahaz 14.2, sandar mita 5 yake so. Zangon mita 40, wajen 7.1, mita 10. Zangon mita 80 kuwa sai wajen mita 20, wannan kuma ba aikin tsakar gida ba ne, ka cire shi daga ranka tukuna. Shawarata ka fara da ta mita 5. Da ita ma, in yanayin sama ya yi kyau, za ka tsallaka teku. Ka kuma sani cewa saƙon rediyo ba ruwansa da nauyin abin da ya fito daga cikinsa. Siririyar wayar jan ƙarfe da aka ɗaura a jikin doguwar gora ko sandar faiba tana yin kusan aikin da fayif ɗin ƙarfe zai yi. Fayif na ruwa mai inci ɗaya da rabi, in na kirki ne, mita 10 ɗinsa yakan haura kilo 30. Duk kilon da ka rage a sama, ka rage abin da zai iya sauka a kan mutum.

Daga nan sai wuri. Ka fita tsakar gida da igiya mai tsawon sandar da kake nufi, ka kafa ƙusa inda gindinta zai zauna, ka zagaya da igiyar ka zana da'ira a ƙasa. Duk abin da ya shiga cikin da'irar nan, ka ɗauka sanda za ta iya same shi: ɗakin kwana ne, rumfar girki ce, katangar maƙwabci ce, ko hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo. In ba ka yarda ta faɗa a kan abu ba, to ka matsar da gindin ko ka rage tsawon.

Sa'annan ka ɗaga kai ka nemi wayar wuta. Wannan ita ce maganar da in ka manta da duk sauran, kada ka manta da ita. Wayoyin da ke bi ta unguwanninmu ba duka ne masu shiga gida ba. Akwai manya masu ɗauke da bolt 11,000 da masu 33,000, kuma tsirara suke, ba roba a jikinsu. Irin wannan wuta ba ta jiran a taɓa ta sosai, in ƙarfe ya matso kusa tana iya tsallakowa. A watan Oktoba na 2009, a garin Palm Bay na jihar Florida a Amurka, mutum uku 'yan gida ɗaya, uba da uwa da ɗansu matashi, suna cikin ɗaga sandar eriyar rediyo ta kuɓuce musu ta faɗa kan babbar wayar wuta. Duka ukun suka rasu. Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce tazarar da ke tsakanin gindin sanda da wayar wuta mafi kusa ta ninka tsawon sandar sau biyu. Kada kuma ka ce ai an ɗauke wuta, bari mu yi maza mu ɗaga. Kai ma ka san yadda ake kawo ta, ba sallama. In gidanku bai ba da wannan tazara ba, ɗana, gidanku ba wurin doguwar sanda ba ne. Ka haƙura da gajeriya.

Yanzu bari mu zo ga abokiyar gabar da za ka zauna da ita shekara da shekaru, wato iska. Mutane suna raina ta domin suna auna ta da ranar da gari ya yi lumui. Ƙarfin turin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: in gudunta ya ninka biyu, turinta ninkawa huɗu yake yi. Sanda mai kaurin santimita 5 da tsawon mita 10, iska mai gudun kilomita 50 a awa tana tura ta da ƙarfin kusan kilo 7. In gudun ya kai kilomita 100, turin ya zama kusan kilo 28. Kada ka ce kilo 28 ai bai kai buhun siminti ba. Turin nan a tsakiyar sanda yake taruwa, mita 5 daga ƙasa, ita kuma sandar sai ta zame masa mariƙin da yake ɓanɓarar gindinta da shi. Ga shi ba turi ɗaya ba ne: ta tura, ta saki, ta sake turawa, har ƙarfe ya gaji. Ka tuna hadarin farkon damina a ƙasarmu, yadda gabas take haɗewa ta yi ja, ƙura ta taso kafin ruwa, kwanon rufi ya riƙa tashi sama. Don wannan daren za ka yi gini, ba don sauran kwanakin shekara ba.

Fayif a kasuwa mita 6 yake zuwa, don haka in kana son mita 10 sai ka yi haɗi, kuma a wurin haɗi sanda take karyewa. Kada ka dogara da soket mai zare irin na masu aikin famfo. Inda aka yanka zaren nan an rage kaurin ƙarfen, nan ne mafi rauni a jikinsa duka. Ka sa ƙaramin fayif ya shige cikin babba kamar rabin mita ko fiye, a huda su, a ɗaure da noti biyu masu ratsawa, siriri a sama, kakkaura a ƙasa. In za ka kai wa mai walda, ka tsaya a kansa, kada ka yarda da ɗigon walda nan da can da aka rufe da fenti. A yi waldar a fili, domin hayaƙin farin fayif yana sa zazzaɓi, kuma a shafe wurin da fentin hana tsatsa, don wuta ta cinye abin da ke kare shi.

Abin da ke riƙe doguwar sanda ba gindinta ba ne, igiyoyinta ne. Uku ake sa wa a kowane hawa, a raba da'ira gida uku daidai, digiri 120 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Sandar mita 10 tana son hawa biyu, ɗaya wajen tsakiya, ɗaya kusa da ƙoli, don kada cikinta ya lanƙwashe. Kuskuren da ƙuncin fili yake jefa mutane a ciki shi ne kafa turaku kusa da gindi. Bari in ba ka lissafi ka gani da idonka. A ce igiya tana ɗaure a tsawon mita 9, iska kuma tana turi da kilo 20 a wurin. In turke yana nesa da gindi da mita 7, igiyar za ta ɗauki kusan kilo 33. In ka matso da shi mita 3, za ta ɗauki kusan kilo 63, sa'annan ta riƙa danna sandar ƙasa da kusan kilo 60, har ta iya tanƙwara ta. Iska ɗaya, sanda ɗaya, amma ka ninka wa kanka wahala don ka ƙi ba da fili. Ka nisanta turke da kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsawon da aka ɗaura igiyar.

Kowace igiya kuma da nata turken a ƙasa. Marconi da kansa, wanda ake jingina masa farkon rediyo, ya sha wannan darasi. A 1901 ya kafa sanduna 20 a da'ira a Poldhu, kudu maso yammacin Ingila, kowace tana da tsawon kusan mita 60, an ɗaɗɗaure su da juna a maimakon kowace ta tsaya da cikakkun igiyoyinta. Guguwar watan Satumba ta zo ta rusa su, ɗaya na jan ɗaya. Sai da ya koma ga eriya mai sauƙi a kan sanduna biyu kafin saƙonsa ya tsallaka tekun Atlantika ranar 12 ga Disamba na shekarar. Don haka kada ka ɗaura igiyarka a jikin falwaya, ko ƙarfen tankin ruwa, ko tagar maƙwabci, ko katangar ƙasa wadda ruwan sati ɗaya zai jiƙa ta ta saki. Bulo ɗin saman katangar siminti ma ba a yi shi don a ja shi ta gefe ba.

Turken da nake nufi ba guntun rodi ba ne da za a buga da guduma kamar za a ɗaure akuya. Wannan zai riƙe da rani, ƙasa na da tauri. Ranar da ruwa ya ratsa ta, da hannu ɗaya za ka zare shi, ranar kuwa ita ce ranar iska. Ka haƙa rami mai zurfin kusan mita ɗaya. Ka sa a lanƙwasa maka rodi mai kaurin milimita 16, da zobe a kai da ƙugiya a ƙasa, ka kwantar da shi a karkace yana kallon inda igiyar za ta fito, don ja ya bi tsawonsa, kada ya lanƙwasa shi. Ka zuba kankare, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Dunƙulen da ya kai rabin mita ta kowace fuska nauyinsa kusan kilo 300 ne, ga kuma ƙasar da za ka mayar a kansa ka daddaka. Ka san irin ƙasar gidanku. Jigawa ba ta riƙo, sai ka ƙara zurfi da faɗi. Baƙar laka ta fadama tana dararrewa da rani, ta kumbura da damina, tana motsa duk abin da aka binne a sama-sama, don haka sai ka wuce inda tsagewarta take kaiwa. Marmara tana da wuyar haƙa, amma in ka shiga ta riƙe maka. Kada ka binne itace a matsayin turke, gara na nan tana jira. Bayan zubi kuma ka yi haƙuri: kankare yana son a riƙa ba shi ruwa na aƙalla kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Sauri ya haifi nawa.

Igiyar ma a zaɓe ta. Shuɗiyar igiyar leda da ake ja da guga, rana tana cinye ta. Za ka gan ta kamar lafiya lau, ka murza ta ta zama gari. In igiya za ka sa, nemi ta foliyesta wadda ke jure rana kuma ba ta miƙewa da yawa. In wayar ƙarfe ce, to ka yanka ta gida-gida ka sa tangaran a tsakani, irin mai siffar ƙwai, don kada ta saci saƙon eriyarka ta ɓata maka awo. An yi shi ne yadda ko ya fashe, wayoyin biyu suna sarƙe da juna. Wajen ɗaure bakin waya, kilif uku ake sawa, kuma lanƙwasasshen ƙarfen kilif ɗin a kan guntun bakin da aka naɗo yake zama, faffaɗan gefen kuma a kan doguwar wayar da ke ɗauke da nauyi. In ka juya shi, ka ƙuntata wayar a inda take aiki. Kada ka ɗaure igiyoyi tamau har su riƙa ƙara in an taɓa. Su yi tauri dai yadda sanda ba za ta yi rawa ba. Ka rataya zare da dutse ka tsaya daga gefe biyu ka tabbata ta miƙe sak.

Akwai kuma rabin eriyar da ba a gani. Eriyar rubu'in zango ba ta cika sai da wayoyin da ake shimfiɗawa a ƙasa daga gindinta zuwa kowace fuska. Tun 1937 injiniyoyin kamfanin RCA, George Brown da abokan aikinsa, suka auna wannan, daga nan ne gidajen rediyo masu matsakaicin zango suka ɗauki al'adar binne waya 120. Kai ba ka bukatar haka. 16 zuwa 32 sun ishe ka. Amma kada ka yi rowarsu, domin busasshiyar ƙasa irin tamu ba ta gudanar da lantarki sosai, in ba wayoyin nan, rabin ƙarfinka ƙasa za ka dumama da shi. Ka binne su ɗan zurfin yatsa, don kada su harɗe ƙafar yaro, kuma kada idon 'yan jari-bola ya faɗa kansu. In sandar ce da kanta eriyar, gindinta a kan tangaran ko roba mai kauri zai zauna, kada ya taɓa ƙasa.

Ranar ɗagawa, kada ka yi ita kai kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka sa wa gindin hinji, yadda za a haɗa komai a kwance a ƙasa sa'annan a tayar, gobe kuma in gyara ya taso a kwantar. Fayif ba tsani ba ne, kada ka hau shi, kada ka jingina tsani a jikinsa. Ka zaɓi safiya, gari a natse, ba da magariba ba, ba kuma ranar da gabas ta yi duhu ba. Kowace igiya da mutum a kanta, igiyoyin gefe a riga an ɗaure su a turakunsu, mutum ɗaya ne kuma mai ba da umarni, sauran su yi shiru su saurara. A kori yara daga da'irar nan da ka zana. Ka gaya wa kowa tun kafin a fara: in ta kuɓuce, a sake ta a kauce, kada wanda ya yi jarumtar tarewa. Fayif ana sayen wani.

In ta tsaya, ka zama mai abu mafi tsawo a unguwa, kuma tsawa tana son irin wannan. Ka kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon mita 2.4 a ƙasa kusa da gindi, ka haɗa da waya mai kauri, gajeriya, miƙaƙƙiya, ba naɗe-naɗe. In gindin eriyar a kan tangaran yake, a bar ɗan tsagi siriri tsakanin ƙarfe biyu inda tsawa za ta tsallaka ta shige ƙasa. Ka haɗa wannan sandar da ta wutar gidan, kada kowace ta zauna daban. Duk da haka, babu abin da ya kai cire kebul. Da ka ga hadari, ka cire shi daga na'ura ka fitar da bakinsa waje, tun kafin a fara tsawa, ba lokacin da ake yi ba. In ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa uku ka ji ƙara, tazararku kilomita ɗaya ce kacal. Da hunturu ma kada ka saki jiki: busasshiyar iska mai ƙura tana tara wa eriya caji har ka ji ƙyas-ƙyas a bakin kebul, kuma yana iya lalata na'ura. A sa mata abin da zai riƙa zubar da cajin nan ƙasa a hankali. Ka kuma kewaye gindin da shinge, domin lokacin da kake magana, ƙarfen yana ƙona hannun da ya taɓa shi. Igiyoyin da suka sauko daidai wuyan mutum, ka ɗaura musu farin ƙyalle ko ka zura su cikin farin fayif ɗin roba, saboda mai tafiya da dare.

Kada ka ɗauka ranar da ta tsaya aiki ya ƙare. A Konstantynów ta ƙasar Foland an yi sandar rediyo mai tsawon mita 646, wadda a zamaninta babu gini mafi tsawo a duniya. Ta tsaya tun 1974. Ranar 8 ga Agusta 1991 ta ruguje, ba don guguwar da ta fi ƙarfinta ba, sai don kuskuren da aka yi wajen canza mata igiya. Injiniyoyi ke nan da kayan aiki. Don haka in za ka canza igiya, ka ɗaura sabuwa ta kama kafin ka kwance tsohuwa, ko ka kwantar da sandar gaba ɗaya. Kowace shekara, kafin ruwan farko, ka zagaya turaku ɗaya bayan ɗaya. Ka tona bakin rodi inda ya shiga ƙasa, domin a nan tsatsa take ci a ɓoye. Ka gwada kowane noti da sifana, ka murza igiya ka ga ko ta fara gari. Bayan kowace babbar iska ka sake dubawa.

Ka nemi lasisinka kafin ka fara watsa ko kalma ɗaya, in kuma kuna kusa da filin jirgin sama, ka tambayi hukumar kula da sufurin jiragen sama game da tsawo. Ka shiga gidan maƙwabtanka ka yi sallama, ka gaya musu abin da za ka kafa, ka nuna musu turakunka. In akwai wanda hankalinsa bai kwanta ba, ka saurare shi. Ba ƙiyayya ba ce, kan 'ya'yansa yake ji. Ranar da karatu ko aiki zai ɗauke ka daga gida na tsawon lokaci, ka kwantar da sandar kafin ka tafi, kada ka bar wa tsofaffi abin da ba su san yadda ake kula da shi ba. Allah Ya ba ka sa'a, Ya sa muryarka ta kai inda kake so, Ya kuma tsare ka da zama sanadin kukan wani.